Alkafurar da ta kwantar da ni wata bakwai

Tun ina firamare ake kirana ɗan tsurut. In an zo raba 'yan ƙwallo ni ake bari na ƙarshe, in yara sun kama kokawa a kan yashin gini ni ne mai riƙe musu takalma. Abin yana cin raina fiye da yadda nake nunawa, domin a tsakanin yara maza ƙarfi shi ne mutunci, ni kuwa Allah bai ba ni jiki ba. Na kai shekara 15 ban cika kilo 50 ba.

A gidan kallon unguwarmu, ranakun da babu ƙwallo, mai gidan yakan tayar da janareta ya sa mana faifan reslin. Ƙarti muka saba gani, masu wuya kamar turmi, suna ɗaga juna suna makawa da ƙasa. Sai wata rana, wajen 2003, wani ɗan ƙaramin mutum mai rufaffiyar fuska ya fito, aka ce sunansa Rey Mysterio. Tsayinsa bai kai mita 1.7 ba, nauyinsa wajen kilo 79. Ya taka igiya kamar yana taka matakala, ya juya a iska, ya ratsa tsakanin igiyoyi ya haure abokin karawarsa da ƙafa biyu, abin nan da suke kira 619. Da aka tashi wasa ya ɗaga damarar zinariya sama. Wani babban yaro a bayana ya ce wannan kambun na marasa nauyi ne, ƙarti ba sa shiga. A daren nan ban yi barci da wuri ba. Ashe akwai wata duniya da ta ware wa irina kambu.

Mu biyar muka haɗa ƙungiya. Akwai wani kango a bayan unguwa da mai shi ya kai ginin linta ya tsaya, da tulin yashi a tsakar gidan. Muka baje yashin, muka samo tsohuwar katifar soso da ta riga ta lotse muka shimfiɗa a kai. Gangar ruwa ita ce kusurwarmu, daga baya da muka ga ta yi mana gajarta muka koma hawa katangar bulo. Kusan shekara biyu muna wannan bayan la'asar. Na iya alkafura ta gaba, na iya ta baya daga ƙasa, har yaran wasu layuka suna zuwa kallona. Wannan ne karo na farko a rayuwata da wani ya yi mini tafi saboda jikina, kuma ba zan ɓoye ba, daɗin da na ji a lokacin har yau ina tuna shi.

Ranar da abin ya faru ina da shekara 17. An yi yayyafi da rana, kan bulon ya jiƙe, ni kuma ƙafata babu takalmi, duk yashi. Na hau katangar, tsayinta ya kai kafaɗar babban mutum, na juya wa abokina baya yana kwance a kan katifa, na yunƙura zan yi alkafura ta baya in sauka da ciki a kansa. Ƙafar dama ta zame daidai lokacin tashi. Maimakon in yi sama sai na yi baya, juyin bai cika ba, na sauka da goshi a gefen katifar, sauran jikina ya biyo ta saman kaina, wuyan ya lanƙwashe ta baya. Ban suma ba. Na ji wani abu kamar wutar lantarki ya bi hannuwana biyu har yatsu, daga nan sai shiru. Ina ganin hannuna na hagu a gaban fuskata, da ƙwayoyin yashi manne a jikin farce, ina ce masa ya motsa, ya ƙi.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Abokaina, saboda tsoro da ƙauna, suka ɗaga ni zaune, suka jijjiga ni, ɗaya ya kama kaina yana juyawa dama da hagu wai ya warware. Suka ba ni ruwa. Suka tare ɗan acaba suka sa ni a tsakiya, kaina yana lilo a kan kafaɗar direba duk ramin da muka faɗa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuskure ne. Ƙashin wuya gaɓa bakwai ne a jere, laka tana bi ta cikinsu kamar zare a cikin bututu, kuma in gaɓa ɗaya ta tsage, duk motsin da aka yi wa kai yana iya tura ƙashin ya ƙara danne lakar. Wanda ya faɗi ta ka ya ce wuyansa na ciwo, ko hannu da ƙafa sun mutu, ko yana jin tsira-tsira, a bar shi yadda yake. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa ya tallafe gefen kan da tafin hannu biyu, ya riƙe shi kada ya motsa, kada kuma ya ja. Ba a sa matashi, ba a ba da ruwa ko abinci. In akwai motar asibiti a jira ta. In babu, a samo ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, mutum uku su jeru a gefe ɗaya, na kafaɗa, na ƙugu, na ƙafa, mai riƙe da kai shi ne zai ƙirga, a mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume, hanci da cibiya a kan layi guda, a tura katakon a mayar da shi a kai. A nannaɗe tawul ko zane a tokare gefen kai biyu, a ɗaure goshi da ƙirji da ƙugu da gwiwa a jikin katakon, a sa shi a motar da zai kwanta a miƙe, ko da bayan a-kori-kura ce.

Wajen mai ɗori aka fara kai ni. Allah ya jiƙan wannan tsoho. Ya tsikari tafin ƙafata da tsinke ya tambaye ni ko na ji, ya matsa yatsun hannuna, sannan ya dubi mahaifina ya ce, “Malam, wannan ba nawa ba ne. Ku kai shi babban asibiti yanzu, kuma kada wanda ya ƙara zaunar da shi.” Da hannunsa ya ciro ƙyauren ɗakin ajiyarsa aka ɗora ni.

Hoton ƙashi ya nuna gaɓa ta biyar ta tsage. Hoton MRI, wanda sai da Yaya ya sayar da babur ɗinsa aka biya, ya nuna lakar ba ta tsinke ba, ta dai ƙuje ta kumbura a tsakiya. Likita ya yi wa Baba bayani cewa irin wannan rauni ya fi kashe hannuwa a kan ƙafafu, kuma da ya ɗan haura sama kaɗan da numfashi ma sai da inji, domin jijiyar da ke motsa tantanin numfashi daga gaɓa ta uku zuwa ta biyar take fitowa. Aka ɗaura mini wani ƙarfe mai kama da awartaki a ƙoƙon kai, da igiya ta bi ta kan gado, da nauyi a rataye yana jan wuyan a miƙe. Mako shida ina kallon silin. Na san kowace tsaga da ke jikinsa, na san ƙarar da fankar take yi in wuta ta yi ƙasa.

Jinyar mai ciwon laka aiki ne na agogo. Duk awa biyu sai an juya ni, dare da rana, mutum uku, don kada fata ta mutu a inda ƙashi ke danne ta: ƙugu, ɗuwawu, diddige, allon kafaɗa. Zanin gado ya zama a bushe, babu lanƙwasa ko ɓarɓashin biredi. Mako na uku aka yi dare biyu ba a samu masu taya juyi ba, sai ga wani jan tabo kamar kwabo a ƙasan bayana, wanda ya buɗe ya zama gyambon da ya ɗauki wata uku kafin ya rufe. Ga robar fitsari da take kawo zazzaɓi in ba a sha ruwa sosai ba. Umma ce ke wanke ni, ni da na fara gemu. Ranar farko na rufe ido na ce, “Umma, ki yafe mini.” Ta ce, “Yi shiru, ɗan nan, ai ba yau na fara ba.” Ba ta taɓa ce mini kai ka jawo ba. 'Yan dubiya kuwa wasu sun faɗa, a bakin ƙofa, suna zaton ba na ji: wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Wasu suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, amma a cikin dare ni kaɗai na san wanda ya hau katangar nan da ƙafarsa. Akwai makonnin da ba na son a buɗe labule, ba na amsa gaisuwa, ina roƙon Allah abin da bai kamata bawa ya roƙa ba.

Babban yatsan ƙafar dama ne ya fara motsi, a mako na biyar. Bayan an cire ƙarfen aka sa mini abin tallafe wuya na wasu makonni shida, aka fara gashi. Zama a gefen gado ba tare da jiri ba ya ɗauki kwanaki. Tsayuwa tsakanin ƙarafa biyu, taku uku, taku goma. Wata na bakwai na shiga gidanmu da sanda. Jarrabawar kammala sakandare ta wuce ni, sai bayan shekara biyu na zauna, ina riƙe biro da aka naɗe wa tsumma don ya yi kauri.

Shekaru na yi ko muryar mai sharhin reslin na ji sai in canza hanya. Sai da waya mai intanet ta shigo hannuna na ce bari in san mene ne wannan abin da ya kusa kashe ni. Na shiga karatun tarihin kambun da na yi mafarkinsa, kuma abin da na tarar ya bambanta da abin da yaro ke gani a gidan kallo.

Salon ba a Amurka aka haife shi ba. A Meziko ƙananan 'yan kokawa masu rufe fuska sun daɗe da shi, a Japan kuma karawar Tiger Mask da Dynamite Kid a farkon shekarun 1980 ta nuna cewa marasa nauyi za su iya cika zaure. A 1986 kamfanin New Japan ya kafa kambunsa na waɗanda ba su wuce kilo 100 ba, Shiro Koshinaka ya fara ɗauka, daga baya Jushin Thunder Liger ya riƙe shi sau 11. Kamfanin WCW na Amurka ya gwada nasa a Oktoban 1991, Brian Pillman ya zama zakaran farko, shi da Liger suka yi ta karɓe-karɓe. Kambun bai yi shekara guda ba ya mutu. A 1992 sabon shugaban da aka kawo ya haramta tsalle daga saman igiya, abin da shi ne jarin waɗannan mutane, sannan zakaran lokacin, Brad Armstrong, ya ji ciwo a gwiwa aka karɓe kambun, ba a sake naɗa kowa ba.

Ranar 20 ga Maris 1996 aka farfaɗo da shi da sunan Cruiserweight, iyakar nauyi laba 225, wato kilo 102. A birnin Nagoya na Japan aka yi wasan ƙarshe, Shinjiro Otani ya yi nasara a kan Chris Benoit. Dean Malenko ya karɓa a hannunsa, sai Rey Mysterio, yana ɗan shekara 21, ya karɓa a hannun Malenko a watan Yuli na wannan shekara. Shekaru uku da suka biyo baya su ne zamanin da kambun ya yi tashe. Ultimo Dragon ya haɗa shi da wasu damaru tara a lokaci guda. A Oktoban 1997 a Las Vegas, Mysterio ya sa abin rufe fuskarsa a caca, Eddie Guerrero ya sa kambunsa, suka yi karawar da har yau masana ke sa ta cikin mafi kyau da kamfanin ya taɓa yi. Na kalle ta ya fi sau ashirin. Duk da haka, waɗannan mutane su ake sa wa su buɗe fage su ɗumama 'yan kallo, manyan kuɗi da wasan ƙarshe na ƙarti ne. Wannan ya yi mini ciwo da na gane shi, domin su ne suka fi kowa sayar da gwiwa da wuya.

A nan ne na fahimci abin da ya raba mu da su. Sakamakon wasan shiryayye ne, masu kamfani ke zaɓar wanda zai ci, kuma mutum biyun da ke dandamali abokan aiki ne, kowa amanar jikin ɗan'uwansa tana hannunsa. Faɗuwar kuwa ta gaske ce, don haka aka gina komai domin ta. Dandamalin WWE, babban kamfanin reslin na Amurka, ƙafa 20 ne kowane gefe, kusan mita 6. Ƙasansa ƙarafa ne a gicciye, a kansu an jera katakai, a kan katakan soso mai tauri siriri, sannan tamfol a ɗaure tam. Ba laushi ke ceton mutum ba, lanƙwasawar da katakai da ƙarafan ke yi a tsakiya ita ke shanye wani kaso na bugun, shi ya sa gefe da kusurwa suka fi tsakiya haɗari. Yashi kuwa, musamman jiƙaƙƙe, ba ya lanƙwasa. Yana kama goshi ya riƙe shi a wuri ɗaya, jiki ya ci gaba da tafiya, wuya ya ɗauki nauyin duka. Katifar da muka ɗauka kariya ce ita ma haka take yi. Igiyoyi uku ne, ana ɗaure su da maɗaurin ƙarfe a kowace kusurwa, ana duba ƙarfinsu kafin wasa, ana goge zufa, kuma mai tsalle yana sanye da takalmi mai kama igiya da ke riƙe idon sawu.

Ɗalibi a makarantar kokawa yakan yi watanni bai hau igiya ba. Faɗuwa ta baya yake koya: haɓa a manne da ƙirji don ƙeya kada ta bugi ƙasa, a sauka da faɗin baya na sama gaba ɗaya, hannuwa a buɗe tafin hannu su mari ƙasa daidai lokacin saukar don bugun ya bazu, tafin ƙafa a ƙasa, a fitar da numfashi. Daga tsugune, sannan daga tsaye, sannan a guje, sau ɗaruruwa, tare da motsa jikin da ke ƙarfafa naman wuya. Alkafura ta baya tana zuwa ne can daga baya, a kan katifa mai kaurin gaske, da malami a tsaye yana tallafe bayan ɗalibi. Ƙa'idarta ita ce a yi sama tukuna kafin a yi baya, ƙugu ne ke jan juyin, ido ya nemo wurin sauka, a sauka da ciki da gwiwa da damtse tare. Wanda ya fara jefa kansa baya kafin ƙafa ta gama turawa, ko ƙafarsa ta zame, tsayinsa ba zai isa ya gama juyawa ba. Na ƙasa shi ma da aikinsa: ya kwanta a daidai nisan da aka saba, ya buɗe hannu ya karɓi nauyin. Mu babu ɗaya daga cikin waɗannan da muka sani. Shi Mysterio da nake kwaikwayo, kawunsa ɗan kokawa ne ya horar da shi a Tijuana, ya fara wasa a gaban jama'a yana shekara 14, kuma duk da haka an yi wa gwiwarsa ta hagu tiyata sau da dama.

Ranar da na karanta labarin Hayabusa na ajiye wayar na yi kuka. Gwani ne na Japan, ya yi shekara goma yana tashi sama. A Oktoban 2001 ya taka igiyar tsakiya zai yi alkafura ta baya, wadda ya yi sau ba adadi, ƙafarsa ta zame, ya sauka ta ka, ya shanye. Ya yi shekaru a keken guragu, daga baya ya iya tsayawa da sanda, ya rasu a 2016. Zamewar ƙafa ɗaya ce, irin tawa sak. Dynamite Kid ma a keke ya ƙare rayuwarsa.

Shi kansa kambun bai ga daidai ba. WWF, wadda daga baya ta koma WWE, ta saye WCW a Maris 2001 ta gaje shi, ta mayar da shi shirin SmackDown, wanda shi ne zamanin da muke gani a faifai. Mysterio ya riƙe shi sau 8 in an haɗa da na WCW, babu wanda ya kai shi, Gregory Helms kuma ya yi kwana 385 a jere da shi daga Janairun 2006. A Yulin 2007 aka ba wa Hornswoggle, wanda kamfanin ke amfani da shi wajen ban dariya, bayan wata biyu aka karɓe, aka ajiye kambun gaba ɗaya. A ganina wannan rashin mutunta mutanen da suka karya jikinsu a kansa ne. A 2016 aka kafa sabo, aka rage nauyin zuwa laba 205, kilo 93, aka tara mutum 32 daga ƙasashe daban-daban a Florida, T.J. Perkins ya ci Gran Metalik a wasan ƙarshe ranar 14 ga Satumba. Aka ba su shirinsu na kansu mai suna 205 Live, aka mayar da kambun ƙarƙashin wani shirin kamfanin mai suna NXT a 2019, sannan ranar 4 ga Janairu 2022 Carmelo Hayes ya ci Roderick Strong aka narkar da shi cikin wani kambun. Wani abin da ya sa hakan shi ne salon ya riga ya mamaye ko'ina. Tun 2006 Mysterio ya ɗauki babban kambun duniya, kuma a yau masu irin jikinsa suna rufe manyan wasanni ba tare da an ware musu aji ba.

Yanzu ina tafiya ba sanda, sai dai ƙafar hagu tana ɗan ja in na gaji. Hannun hagu bai dawo duka ba. Ba na iya sa maɓallin wuyan riga, matata ke sa mini, kuma lokacin hunturu yatsun suna ƙuna kamar an zuba barkono. Ina da ɗan shagon kayan masarufi, ina ɗaga abin da bai wuce kilo 5 ba, sauran yaron shago ke ɗauka. Abokina da ke kwance a kan katifar ranar nan ya yi shekaru yana guje mini saboda yana ganin da laifinsa, sai da na je har gidansu na ce masa ƙafata ce ta zame. Babur ɗin Yaya na biya shi bayan shekara tara, ya ƙi karɓa, na kai wa matarsa kuɗin.

Ina kallon reslin jefi-jefi a waya, amma idona yana kan ƙafar mai tsalle da hannun mai karɓa. Kwanakin baya ina rufe shago na hango yara huɗu a kan yashin wani gini a layinmu, ɗaya ya hau jarka ya juya baya. Na ƙwala masa kira ya sauko. Na zauna a kan bulo, na kama hannunsa na ɗora a gefen kaina, saman kunne, inda ramin ƙarfen nan yake har yanzu, na ce ya taɓa ɗaya gefen ma. Sannan na miƙa masa hannuna na hagu na ce ya ce in damƙe yatsansa da duk ƙarfina. Na damƙe, ya zare ba tare da ya ja ba.